Na ce a ba ni gadona ƙasa

Ni 'yar ƙasar Igabi ce, ta wajen da ake barin titin Zariya bayan an wuce Rigachikun a yi gabas. Ba zan kama sunan ƙauyenmu ba, domin mutanen da zan yi maganarsu suna raye, kuma har gobe sahu ɗaya mazanmu suke bi a masallaci. Da ina yarinya zuwa Kaduna tafiya ce ta sosai: a yi sammako, a taka har bakin titi, a jira motar da za ta kai mutum Kawo. Tsakanin Kawo da garinmu kuwa gonaki ne da daji, sai ƙauyuka jefi-jefi. Yau mai keke zai ɗauko ka daga Kawo ya dire ka a ƙofar gidanmu, da ƙyar ka ga inda gini ya yanke.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, gona biyu gare shi. Akwai ta tudu, inda ake dawa da masara, daga baya aka shigo da waken soya. Akwai ta fadama a bakin rafin da ke gangarawa Kogin Kaduna, shinkafa da damina, rake a gefe, da rani kuma tumatur da albasa da kuɓewa. Wannan duk lissafin maza ne. Mu mata namu lissafin yana kan bishiya. Ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiyar da ke cikin gonakin, ba wanda ya taɓa rubuta cewa na Inna ne, amma kowa ya san ita ke da su. Baba ko reshe ba ya sarewa sai ya yi shawara da ita.

Da bazara, lokacin da zafi ya kai zafi, ɗorawa ke nuna. Samari su hau da ƙugiya suna kaɗowa, mu muna ƙasa muna tsincewa, bakinmu duk ya yi rawaya da garin. A ɓare, a kai rafi a wanke har kalwa ta fito fes. Makuba ba a zubarwa, ita ake jiƙawa a yi daɓe da yaɓen katanga. Kalwar kuma a ɗora ta a babbar tukunya ta kwana tana dahuwa, a surfe ta a turmi ɓawon ya fita, a sake tafasa ta, a juye a masaki a lulluɓe, a kai ƙuryar ɗaki. Bayan kwana uku warin da kansa zai sanar da maƙwabta cewa daddawar Inna ta yi. Da kuɗin wannan daddawa da na man kaɗe aka yi mini kayan ɗaki, tun daga gado har jeren kwanuka. Kuɗin makarantar autanmu ma daga nan ya fito, ko da yake shi bai cika son a tuna masa ba.

A 1987 aka kai ni Kakuri, a kudancin garin Kaduna. Maigidana ma'aikacin masaƙa ne, a zamanin da in aka tashi daga aiki kekuna ke cika titi har mutum ya rasa wurin tsallakawa. Na ɗauka ni da ƙauye sai dai ganin gida. Rikicin watan Fabrairun 2000 ne ya fitar da mu daga mu sai kayan jikinmu. Wanda ya san Kaduna ya san abin da ya biyo baya, balle da aka sake yin wani a 2002: gari ya rabu, kogi ya zama iyaka. Musulmi suka yi ta tsallakowa arewa, Rigasa da Mando da Kawo da Rigachikun, Kiristoci suka yi kudu, Sabon Tasha da Romi da Gonin Gora. Kowane ɓangare wurin zama yake nema, kuma a kan gonar wani ake samun sa. Abin da ya same mu ta nan, shi ya sami ƙauyukan Gbagyi ta can. Masaƙun ma suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, maigidana ya zauna ba aiki. Baba ya ce mu dawo, ya yanka mana wuri a bayan gida, ya ba surukinsa gefen fadama ya riƙa noman rani. Fadamar nan ce ta riƙe mu da 'ya'yanmu har Allah ya karɓi ran maigidana.

Dillalan fili sun fara leƙo garinmu tun Baba yana raye, amma suna jin nauyinsa. Da ya rasu a 2015, ko sadakar arba'in ba a yi ba suka fara sallama. Sai kuma aka buɗe jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, tasharsa a Rigasa. Ma'aikacin da fili ya gagare shi a Abuja ya gane cewa da kuɗin da ke hannunsa zai tashi da fuloti da dama a gefen Kaduna. Gonar da ake aunawa da damin dawar da take bayarwa aka koma auna ta da ƙafa, hamsin bisa hamsin, ɗari bisa hamsin.

Maganar da dillali ke cin mutane da ita guda ce: "Ku sayar tun da wuri, kafin gwamnati ta karɓa." Kuma akwai gaskiya a cikinta, shi ya sa take kama mutane. Dokar ƙasa ta 1978, wadda aka yi a mulkin soja na Obasanjo, ta ɗora dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Idan gwamnati ta buƙaci wuri don amfanin jama'a tana iya karɓa, diyyar da take biya kuma ta abin da ke bisa ƙasar ce, shuka da bishiya da gini. Manomin da ba shi da takarda ko ɗaya, sai shaidar dagaci da ta maƙwabta, in ya ji haka sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Ka tambayi dillalin wane aiki ne gwamnatin za ta yi, yaushe, kuma a ina, sai ya shiga kame-kame. La'adarsa yake so ta ɓangare biyu, ya kama gabansa.

Autanmu ne ya fara. Aure yake nema, ga babur yana so. Ba a raba gado ba tukuna, ya je a ɓoye ya sayar da rabonsa na fadama ga wani mai gidan bulo. Ba mu sani ba sai ranar da muka ga baƙi da igiyar awo suna kafa turaku a cikin rake. Ranar ko ruwa bai wuce mini ba. Na san in gidan bulo ya zauna a nan, yashin rafin za a fara kwashewa, ruwan siminti ya bi kwari, shi ke nan an gama da mu.

Na je wa malamin islamiyyarmu da kuka. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Malama, an raba gonar ko ba a raba ba?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba a raba ba."

Ya ce, "To, kuna da shuf'a."

Ya yi mini bayani cewa a fiƙihun Malikiyya, idan mutane suka yi tarayya a gona ko gida da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin su mayar wa mai sayen kuɗin da ya biya su karɓe rabon. Da zarar an raba an sa iyaka, haƙƙin ya faɗi. Wanda kuma ya sani ya yi shiru har lokaci ya ja, shi ya saki haƙƙinsa da kansa. Shekara da shekaru ina zuwa makaranta, an karantar da mu tsarki da sallah da azumi, ba a taɓa kai mu wannan babin ba. Ina roƙon malamai su riƙa kai mata can, don mu aka fi yi wa irin wannan.

Ni da ƙanwata da Inna muka haɗa kuɗin. Na sayar da bijimin da nake kiwo da 'yan kunnena na gwal, ƙanwata ta kwashi adashenta, Inna ta shiga ɗaki ta fito da kuɗin daddawa da ba wanda ya san tana da su. Baffanmu ya tsaya mana a gaban alƙali. Mai bulon, tsakani da Allah, bai ja ba. Da aka yi masa bayanin hukuncin ya karɓi kuɗinsa, ya ce da ya san gonar gado ce da ba a raba ba da bai shiga ba. Auta kuwa ya daɗe ba ya gaishe ni.

Ranar rabo aka taru a zauren Baba. Yayanmu babba ya kawo shawarar da kowa ya san zai kawo, a sayar da duka a raba kuɗi kowa ya huta. Ya ce ƙasa wuyar rabo gare ta, kuɗi kuwa ba mai cewa an cuce shi. Ina daga bakin ƙofar cikin gida na ce:

"Yaya, ni dai a ba ni gadona ƙasa."

"Ke mace me za ki yi da gona? Ga ki ba miji."

"Shi ya sa nake so, Yaya. Da ita marayuna za su ci."

Zauren ya yi tsit. Baffa ya gyara zama ya ce yarinyar nan ba ta fita daga shari'a ba. Aka fitar wa Inna tumuninta, aka yi wa gonakin kuɗi, namiji rabo biyu mace ɗaya. A nan Allah ya taimake mu ta inda ba mu zata ba. Gonar tudu ta fi kusa da hanya, dillalai sun ɗaga darajarta, fadama kuwa masu neman wurin gida ba sa ɗokinta saboda ruwa na kwanciya. Maza suka yi rububin tudu. Mu mata uku, da rabon Auta da muka fansa, muka tashi da kusan dukkan fadamar, haɗe da zirin da ɗorawoyi suka fi yawa.

Ba a daɗe ba yayyena suka sayar. Ɗaya ya sauke farali, Allah ya karɓa, ɗaya ya sayi motar haya. Ranar da katafila ta shiga gonar tudu ina tsaye. Akwai wata ɗorawa a tsakiya, a gindinta muke ajiye tulun ruwa da goyo lokacin girbi. Direban ya tone saiwoyinta ta kowane gefe, ya ja baya, ya tura. 'Yan gawayi suna gefe da gaturansu, tun ba ta kai ƙasa ba sun gama ciniki da mai filin. A takardar cinikin da yayyena suka sa wa hannu ba a ambaci bishiya ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya tambayi Inna. Ba ta fito ba ranar, ta ce kanta ke ciwo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yawancin filayen ba a gina su ba. Katanga aka zagaye su da ita, aka sa ƙofar ƙarfe, aka rubuta da jan fenti cewa ba na sayarwa ba ne, aka tafi. Masu su ajiyar kuɗi suka yi, suna jiran su yi tsada. Ƙasar da ke cika rumbu ta koma ciyawa da macizai da maɓoyar 'yan shaye-shaye. Wata damina na ga Yaya babba da idona tsaye a ƙofar ɗaya daga cikinsu, yana lallashin maigadi ya bar shi ya ɗan shuka masara a ciki, a gonar da ya koyi riƙe fartanya. Na juya na bi wata hanya don kada ya gan ni. Bayan an cire tallafin mai a 2023, da abinci ya yi tashin gwauron zabo, mudu-mudu yake auno masara a kasuwa. Duk kaka nakan sa yara su kai masa buhun shinkafa da daddare. Ni da shi ba mu taɓa yin maganar ba.

Amma na riƙe tawa gonar bai sa gari ya tsira ba, burtali ne ya nuna mini haka. Muna da burtali da ya bi ta bayan gari ya sauka mashaya, tun kakanni nan shanun rugar da ke kusa da mu suke bi. Ba na kowa ba ne, don haka ba wanda ya tsaya masa. Masu gonakin gefe da za su sayar, kowa ya ci taku biyu uku ya haɗa da nasa, har aka wayi gari katanga ta toshe shi. Shanu kuwa dole su sha ruwa, suka faɗa lambunan mutane. Saura ƙiris a zubar da jini tsakanin mutanen da suka gaji musayar nono da hatsi, waɗanda da rani har roƙon Fulani muke su kwana da shanu a gonakinmu don taki. Makabarta ma haka, ta cika, filin da ake sa ran faɗaɗa ta an yanka shi fuloti. Filin ƙwallon yara, kurmin da ake samo saiwar magani, hanyar da mata ke bi zuwa rafi, duk abin da babu sunan mutum a kansa shi muka fara rasawa, alhali su ne suka mai da wurin gari.

Rigimar burtalin ce ta sa mai unguwa ya kira taro, da liman da sarkin noma da Arɗo. Mata ba sa zama irin wannan taron, amma mun aika Baffa da maganarmu, kuma kowane maigida ya riga ya ji ta a ɗakinsa tun da daddare. Aka rubuta yarjejeniya da boko da ajami. Fadama ba za a sayar wa mai gini ba, duk mai son sayar da tasa sai ya fara tallata wa maƙwabtan gonarsa. Burtali aka buɗe shi, bayan an yi karo-karo an biya mai katangar, aka dasa bini-da-zugu gefe da gefe. Wani dattijo ya ba da gonarsa waƙafi ga makabarta. Aka ɗauko mai awo ya kafa duwatsun iyaka, aka kai takardu ƙaramar hukuma a Turunku, masu hali kuma suka nemi takardar mallaka a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha da aka kafa zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. Ni ma na yi tawa, da sunana a jiki. Takardar ba za ta hana gwamnati karɓa ba in ta tashi, amma ta rufe bakin dillali, ta kuma hana wani ɗan'uwa sayar da abin da ba nasa ba.

Ba kowa ya so ba. Samari da dama sun ce tsofaffi da mata sun hana gari ci gaba, kuma ba na raina maganarsu. Ban manta matan da aka ɗora a amalanke cikin naƙuda zuwa bakin titi ba. Zuwan birni ne ya kawo mana wuta da rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani. Daddawa da alayyafon da da sai an kai Kawo, yanzu a ƙofar gida sabbin maƙwabta ke saye. Kuma ba duk baƙin ne masu ajiyar kuɗi ba. Tun da 'yan bindiga suka addabi Birnin Gwari da Giwa, har da wasu ƙauyukan Igabin kanta, mutane ke kwararowa da tabarma da tukunya. Matar da ke taya ni surfen kalwa yanzu daga can ta gudo, ta baro gonar da ta fi tawa girma, a wani kango take kwana da 'ya'yanta, kangon kuma yana kallon filin da aka kulle babu kowa a ciki. Wa zai ce da irinta kada ta zo?

Ni abin da nake cewa, gini a yi shi a tudu, kuma wanda ya saya ya gina da gaske mutane su shiga. Fadama a bar ta. Wanda ya ga ambaliyar Kogin Kaduna ta 2003 ya san abin da ke samun gidan da aka dasa a hanyar ruwa. Har a cikin gidana sai da na sha wannan gwagwarmaya. Ɗana na fari da zai yi aure ya nemi in yanka masa gefen lambu.

"Umma, ɗaki biyu ne fa kawai."

Na ce masa ɗaki biyu sai da bayi, bayi sai da kwata, kwatar kuma lambu za ta nufa. Aka rushe tsohon garken tumakin Baba a cikin gida aka gina masa. Ya yi fushinsa ya gama, amarya ta tare, yanzu shi ke tada injin ban ruwa da asuba.

Ba a ce mun huta ba. Da ruwan farko ledar sabbin unguwanni ke sauka fadama, sai mun bi da manjagara muna tsincewa kafin a yi shuka. Tifofin yashi sun koma shigowa da tsakar dare. Na dasa sabbin ɗorawoyi a bakin iyakata, na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ɗorawa takan shekara da yawa kafin ta yi 'ya'ya, jikokina mata nake yi wa, in sun yarda da warin daddawa.

Bana kuma wata ta taso. Maƙwabcinmu na fadama ya rasu, 'ya'yansa duk suna Abuja da Kano, babu mai sha'awar noma. Sun mutunta yarjejeniya, sun zo sun fara tallata mana, Allah ya saka musu da alheri, don takardar nan tamu kunya ce kawai ke riƙe da ita, da sun yi gaban kansu ba abin da za mu iya. Sai dai kuɗin da wani ya taya musu daga waje ya fi ƙarfin kowane ɗayanmu. Sun ba mu zuwa bayan girbi. Mu mata masu lambu mun buɗe sabon adashe, Arɗo ya ce zai sa shanu biyu tunda mashayar ta nan take, liman ya yi sanarwa ranar Juma'a. Auta ne ke riƙe da littafin karo-karon. Abin da aka tara bai kai rabi ba, ranar Asabar ni da Baffa za mu je Kasuwar Barci wurin wani ɗan garinmu da ke da shago a can, mu ji ko zai shiga.